Layin mai na Peugeot 504 mai injin Hilux: inda aiki ya kai

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Inji ya zauna a kan kujerunsa, giya ta haɗu, mai wayarin ya kusa gama nasa, saura maganar mai. Motar Peugeot 504 ce ta 1982, haɗin Kakuri, daga masana'antar nan da ta fara fitar da motoci a Kaduna a 1975. Injinta na asali mai cc 1971 da kafireta ya sha ringi har ya daina jin magani, shi ya sa muka ɗora mata 3RZ-FE na Toyota Hilux, ɗan Beljiyam, cc 2693, mai ƙarfin doki wajen 150. Shi kuma da nozul yake aiki, wato 'yan bakunan da ke fesa mai cikin inji.

Kafireta ba ta son matsi. Ƙaramin famfon da ke jikin tsohon inji yana tura mai da abin da bai wuce sulusin bar (ma'aunin matsi) ɗaya ba, ya cika kwanon kafireta, fulota ta rufe, shi ke nan. Nozul kuwa sai an danna masa mai da wajen bar 3, ninki goma ke nan. Sannan injin nan ba ya shanye duk abin da aka turo masa. Akwai wani ɗan bawul mai daidaita matsi a ƙarshen sandar nozul, shi ke buɗewa ya mayar da rarar mai tanki. Saboda haka layi biyu muke nema, na zuwa da na dawowa.

Yau muka hau da ita kan rami a garejin Baba da ke Tudun Wada, muka bi layin daga tanki har gaba da tocila. Abin da muka gani tarihin duk makanikan da suka taɓa ta ne. Daga bakin tanki bututun ƙarfe ne na milimita 8, tsatsa ta cinye shi a duk inda kilif ya riƙe shi, domin nan laka ke maƙalewa ta riƙe ruwa. Daidai ƙasan kujerar baya an yanke shi an jona bututun jan ƙarfe irin na masu gyaran firij. A gaba kuma wani tiyo ne garai-garai, irin wanda ake zuƙo mai da shi daga jarka, ya yi ruwan ƙasa ya sandare, an ɗaure bakinsa da wayar ƙarfe. Na taɓa shi da yatsa ya tsage.

Baba ya ce a bar jan ƙarfen, lafiyarsa ƙalau, a ƙara masa tsawo ya zama na dawowa. "Malam, da tsohuwar zuma ake magani. Mai da zai koma gida ai ba ya buƙatar babbar hanya." Ban yarda ba, amma ban yi musu da shi a gaban yaransa ba. Mun tsaya a kan za mu gwada.

Asabar, 18 ga Janairu

Ba a taɓa motar ba yau, lissafi na zauna na yi.

Injin fetur irin wannan, idan an taka shi ƙarshen totur, kowane doki ɗaya yana cin wajen giram 230 na mai a awa. Doki 150 ya ba da kusan kilo 35. Litar fetur tana da nauyin wajen giram 740, to kilo 35 ya zama lita 47 a awa. Iyakar cin injin ke nan, kuma ba a kai wa nan sai a hawa da kaya ko wajen wuce tirela. A silo kuwa, wato inji na aiki ba a taka totur ba, lita ɗaya da ɗan wani abu yake sha a awa.

Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, su ce lita 47 ai ko siririn bututu zai ɗauka. Gaskiya ne, amma ba lita 47 ce ke bin layin ba. Famfon lantarki bai san abin da inji ke so ba. Da an kunna shi, abin da aka ƙera shi ya tura shi zai tura, ko mota tana gudu ko tana tsaye a danja. Idan yana tura lita 120 a awa, 120 ɗin nan gaba ɗaya za ta bi layin zuwa, a silo kuma 119 daga ciki za ta juyo ta layin dawowa. Wato layin da Baba ya raina shi ne ya fi shan wahala a lokacin da mota ta fi hutawa.

Sai maganar awo, wadda ke rikita ciniki a kasuwa. Bututun ƙarfe da faɗinsa na waje ake kiransa, tiyon roba kuwa da faɗin raminsa. Bututu mai milimita 8, idan aka cire kaurin jikinsa, raminsa wajen 6.6 ne. Na masu firij ɗin nan kwata inci ne, 6.35 a waje, ramin bai kai 5 ba. A ido tazarar ba ta da yawa. A lissafi kuwa filin ramin na biyu ya ɗan haura rabin na farko ne kawai, kuma a kan tsawo ɗaya da yawan mai ɗaya, matsin da ake asara a cikinsa ya ninka kusan sau huɗu. Daga tanki zuwa inji, da duk kwane-kwanen da ke ƙasan motar, na auna da igiya na samu mita huɗu da rabi. A kan lita 120, mai milimita 8 zai ci ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na bar. Kwata inci zai ci wajen sulusin bar. Idan aka ninka man da famfo ke turawa, asarar tana ninkuwa fiye da sau uku.

Wani abokina da ke bibiyar masu tseren mota na Amurka ya nace sai milimita 10, wanda suke kira AN-6. Wannan na injin da ya ninka namu ƙarfi ne. A motarmu ba abin da zai ƙara sai wahalar lanƙwasawa da neman mahaɗi, tunda bakin filtar Toyota da na sandar nozul ba za su faɗaɗa don mun sa babban bututu ba. Inda zan sa 10 wuri ɗaya ne, ɗan gajeren zangon da ke gaban bakin famfo, domin famfon lantarki gwanin turawa ne amma rago ne wajen zuƙa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kasuwa. Bututun ƙarfe mai milimita 8 na same shi a naɗe wajen masu kayan manyan motoci, mai rufin hana tsatsa. Na fi son na haɗin jan ƙarfe da nikel, wanda ba ya tsatsa kuma yana lanƙwasuwa da hannu, amma duk wanda na tambaya sai ya miƙo mini jan ƙarfe zalla na firij. Shi ba zan sa ba. Jan ƙarfe zalla idan yana shan girgiza yana taurare ne a hankali, wata rana ya tsage a gindin mahaɗi, kuma hanyoyin unguwanninmu ba sa rowar girgiza.

Tiyo ne ya ci mini yini. Duk baƙaƙe ne, duk da zare a ciki, duk mai shago zai rantse maka cewa nasa na fetur ne. Abin dubawa shi ne rubutun da ke jikinsa. Wanda aka rubuta SAE J30 R6 ko R7 na kafireta ne. R7 ɗin an yarda masa ya yi aiki har wajen bar 3.4, wato dab da matsinmu, ba wani sarari. Na nozul shi ne R9, yana ɗaukar kusan bar 7, kuma cikinsa an shimfiɗa wata roba ta daban da fetur ba ya ratsa ta da sauƙi. Akwai kuma R10, na famfon da ke nutse a cikin tanki, domin R9 cikinsa kawai aka yi don mai, bayansa idan ya jiƙu da fetur kumbura yake yi.

Wani mai shago ya yanko mini mita biyu kafin in gama magana. Na juya tiyon ban ga lamba ko ɗaya ba, sai hoton wata tuta. "Alhaji, wallahi shi kowa ke saye." Na ce na sani, shi ya sa nake ganin motoci na cin wuta a bakin titi. Bai ji daɗi ba. A shago na gaba na samu R9 mai rubutu, ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma abin da nake buƙata bai kai mita ɗaya da rabi ba, tunda roba a mahaɗai kawai za ta zauna.

Ina da wani dalilin na dagewa a kan wannan. Ba mu da iko da abin da ake zuba mana a tanki. Kowa ya tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol (wani nau'in barasa) fiye da ƙima, motoci suka yi ta lalacewa, layi ya dawo gidajen mai. Ballantana na 'yan bumburutu idan tafiya ta kama mutum da dare. Barasar da ke cikin irin wannan man tana cin tsohuwar roba daga ciki, ta mayar da ita gari-gari, garin ya tafi ya toshe nozul alhali tiyon daga waje lafiya lau.

Na sayi kilif irin na layin nozul, mai santsin ciki da ɗan noti. Mai tsaga-tsagar nan da ake ɗaure tiyon lagireto da shi yana yanka roba idan aka matse shi a kan ƙaramin tiyo, kuma ba ya matsewa daidai ta kowane gefe.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ranar gwajin da muka yi alkawari da Baba. Mun yi shi a waje, nesa da mai walda, da abin kashe gobara a gefe. Jarka ce ta tsaya a matsayin tanki.

Famfo biyu ne a hannunmu. Ɗaya an rubuta lita 255 a awa a kwalinsa, wanda ya sayar mana da injin ne ya haɗo mana da shi, wai ya fi ƙarfi. Ɗayan ƙarami ne. Muka sa geji a kan layin zuwa, muka ba famfo wuta kai tsaye ba tare da tayar da inji ba, muka tara abin da ke fitowa ta bakin dawowa a gorar da na yi wa alamar lita. Ƙaramin ya cika lita ɗaya a daƙiƙa 30, lita 120 a awa ke nan, kuma a kan matsin aiki, tunda man sai da ya bi ta bawul kafin ya fito. Ya ninka abin da injin zai taɓa nema sau biyu da rabi. Babban ya kusa ninka wannan.

Sai muka jona jan ƙarfen Baba a matsayin layin dawowa, da babban famfo, muka tayar. Ta tashi bugu ɗaya, yara suka yi ihu. Amma allurar geji ta tsaya a 3.6. A silo ya kamata ta zauna wajen 2.4, domin akwai ɗan siririn tiyon iska daga manifol (hanyar da iska ke bi ta shiga inji) zuwa bawul ɗin, wanda ke rage matsi idan totur na rufe. Na zare tiyon iskar, na mayar, allura ko gezau. Bawul ya buɗe iyakar buɗewarsa, man ne ya rasa hanyar wucewa, kamar kwatar gida a ruwan Agusta.

Abin da hakan ke jawowa ana jin sa a hanci. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ba ta auna mai, lokacin buɗe nozul kawai take ƙidayawa, da zaton matsin yana inda aka ce ya zauna. Da wannan ƙarin, kowane buɗewa yana zuba kusan kashi 18 cikin 100 fiye da ƙima. Salansa ta fara yaji a ido, muka ciro filogi ɗaya ya yi baƙi ƙirin. Da kuɗin fetur na bayan cire tallafi a Mayun 2023, wannan ba abin wasa ba ne.

Muka cire jan ƙarfen muka sa mai milimita 8, babban famfon yana nan: 2.9. Ya sauka, bai isa ba, domin ramin bawul ɗin kansa ya yi wa wannan famfo kaɗan. Muka sa ƙaramin famfo da mai milimita 8: 2.4, na zare tiyon iska ta haura 3, na mayar ta dawo. Baba ya karɓi tiyon ya yi da hannunsa ya gani. Ya ce wa babban yaronsa ya naɗe jan ƙarfen a kai wa mai firij na bakin layi. An yanke: 8 zuwa, 8 dawowa, ƙaramin famfo.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Shimfiɗa layi. A nan Baba ya nuna shekarunsa a sana'a. Bai taɓa sabon bututun ba sai da ya ɗauki wayar walda doguwa ya bi hanyar da ita, ya lanƙwasa ta a duk inda za a yi kwana, ya fito da ita ya ajiye a ƙasa ta zama ma'auni. Sannan ya miƙar da bututun ta hanyar murza shi a kan katako da tafin ƙafa. Kwanonin da ɗan abin lanƙwasa mai gurbi ya yi su, a hankali, yana dubawa kada cikin kwanar ya lotsa. Kwana ɗaya da ta lotsa ta isa ta mayar da duk lissafin nan banza.

Layukan biyu sun bi gefen da ba salansa, a jikin shasi ta ciki, sama da mafi ƙasan ƙarfen motar, yadda idan ta daki tudun rage gudu ƙarfe ne zai fara taɓawa. Kilif mai rigar roba kowane santimita 35 ko ƙasa da haka. Inda suka ratsa ƙarfe mun sa zoben roba. Ba mu ɗaure su da layin burki ba, ba mu kuma bari sun taɓa juna ba.

Bakin kowane bututu sai da aka yi masa ɗan kumburi, da kayan buɗa bakin layin burki, matakin farko kawai. Tiyo ya haye kumburin, kilif ya zauna a bayansa. A bar 3, tiyon da aka zura a kan miƙaƙƙen bututu yana zamewa a hankali komai matse shi. Tsakanin jikin mota da inji mun bar roba da ɗan sassauci, tunda inji yana rawa a kan kujerunsa. Kafin a jona komai an busa iska a layukan, kuma abin da ya fito na garin ƙarfe ya isa ya kashe nozul huɗun.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi, da safe kawai ake aiki. Matsalar tanki muka duba. Tankin zamanin kafireta ba shi da kwanon da ke tare mai a bakin bututu. Idan mai ya yi ƙasa aka sha kwana, sai ya gudu gefe, bututu ya zuƙi iska. Kafireta ba ta damu ba, tana da ajiya a kwanonta. Nozul kuwa nan take zai yanke, famfon kuma da fetur yake sanyaya kansa, gudu a bushe yana kashe shi.

Walda a jikin tankin fetur ba da ni ba. Na kai zane Panteka aka ƙera mini ƙaramin tanki na alminiyam, lita ɗaya da rabi, dogo a tsaye, mai baki huɗu. Wani famfo daban mara matsi yana ɗebo mai daga babban tanki ta cikin filta mai faɗin ido ya zuba a ciki. Daga gindinsa tiyo mai milimita 10 yana gangarawa zuwa famfon matsi, wanda muka zaɓa ranar gwaji, sai filta mai laushi, sai gaba. Layin dawowa yana zubawa a samansa. Baki na huɗu, can ƙoli, shi ke mayar da ambaliya babban tanki. Hanyar shigar ambaliyar a farantin fulotar geji muka yi ta: an ciro farantin, an wanke, an huda shi can nesa da tankin.

Asabar, 22 ga Maris

Mai wayarin ya ɗora famfunan biyu a kan rile da fiyus nasu, ƙwaƙwalwar inji ce ke ba da umarni. Inji ya mutu, famfo ya tsaya. Na ƙi yarda a ja su kai tsaye daga makulli, domin idan aka yi hatsari layi ya fashe, famfo zai ci gaba da feshin mai muddin makulli na kunne.

Muka ba layi matsi, na bi kowace mahaɗa da farar takarda. Ɗaya ta jiƙa, a bakin filtar gaba, zoben jan ƙarfe (washa) ne da aka maimaita. An sa sabo ya daina. Bayan kashe famfo allura ta zauna sama da bar 2 har muka gaji da kallonta.

Asabar, 12 ga Afrilu

Da gangan na jira zafin Afrilu, kuma da rana tsaka muka fita, tanki a kwata. Baba a gaba da gejin a cinyarsa, mun zaro shi ta ƙasan bonet da dogon tiyo. Muka bi ta Kawo muka hau hanyar Zariya. A ƙarshen totur a giya ta uku allura ta hau 3 ta tsaya cak, ba ta sauka ba har na ɗaga ƙafa. A shataletale na sha kwana da ɗan ƙarfi, inji bai yi tari ba.

Abin da na fi jira shi ne tsayawa. Mun kashe ta a rana wajen Maraban Jos muka sha ruwa, minti ashirin, lokacin da zafin inji ke dafa man da ke kwance a layi. Ta tashi bugu ɗaya. Sai dai a dawowa, cikin cunkoson Kawo, famfon matsi ya canza murya, ya fara ƙara sama-sama. Da muka isa gareji na sa hannu a ƙaramin tankin, ya yi zafin da ba a iya daɗe da riƙe shi. Dalili biyu muka gani. Man da ke dawowa daga inji da zafinsa yake zuwa, a cunkoso kuma shi ne yake ta zagaye. Sannan tukunyar salansa ta baya tana nesa da shi da ɗan taki ɗaya kawai.

Baba ya yanko farantin alminiyam zai sa tsakaninsu, da tazarar yatsa ta kowane gefe don iska ta wuce. Ni kuma zan auna abin da famfon nan mara matsi ke ɗebowa, domin idan ambaliyar da ke komawa babban tanki ta yi kaɗan, man ba ya samun canji, sai a nemo wanda ya fi shi. Numfashin tanki ma yana jira: da na buɗe murfi a gidan mai na ji ya ja iska, alamar ramin shaƙarsa ya toshe. Za a sake bin duk kilif da sukudireba bayan robar ta zauna, sannan geji ya fita daga motar.